Yadda Ɗalibin Tarihi, Adabi ko Falsafa Zai Shirya wa Karatun MBA

Ɗalibin da yake karatun digiri na farko a fannin tarihi, ko adabi, ko falsafa, ko harsuna, ko kimiyyar siyasa, yakan ɗauka cewa ƙofar makarantun koyon harkokin kasuwanci a rufe take a gare shi, tun da bai taɓa zama a ajin akanta ba, kuma rabonsa da lissafi tun jarrabawar kammala sakandare. Wannan zato ba daidai ba ne. Digirin MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da harkokin kasuwanci, wanda Jami'ar Harvard ta fara koyarwa bayan ta kafa makarantarta ta kasuwanci a 1908, ana ɗora shi ne a kan digirin farko na kowane fanni, kuma manyan makarantun Amurka da Turai ba su sharɗanta cewa sai wanda ya karanci kasuwanci ba. Henry Paulson, wanda ya shugabanci bankin Goldman Sachs sannan ya zama sakataren baitulmalin Amurka daga 2006 zuwa 2009, Ingilishi ya karanta a Dartmouth kafin ya yi MBA a Harvard. Marigayiya Susan Wojcicki, wadda ta jagoranci YouTube daga 2014 zuwa 2023, tarihi da adabi ta fara karantawa, daga baya ta yi nata MBA a UCLA.

Sai dai don ƙofa tana buɗe ba shi ke nan a shiga babu shiri ba. Idan takardun ɗalibin adabi suka isa gaban kwamitin da ke tantance masu neman gurbi, da wuya a yi shakkar iya karatunsa da rubutunsa. Abin da ake tambaya shi ne ko zai jure wa zangon farko, inda darussan akanta, ƙididdiga, sarrafa kuɗi da tattalin arziki suke sauko wa ɗalibi lokaci guda, malami kuma ba ya tsayawa jiran wanda aka bari a baya. Daɗin baki a cikin takardar neman gurbi ba ya kawar da wannan shakku, sai an ga shaida a rubuce, wato maki a takardar sakamakon karatu da maki a jarrabawar shiga. A ganina duk shirin a nan ya rataya: ka riƙe fanninka da kyau har ka fita da sakamako mai daraja, sannan ka tara hujjar da za ta nuna cewa alƙaluma ba sa firgita ka, kuma ka fara tun kana jami'a, lokacin da darussan suke kusa da kai kuma ba su da tsada.

Fara da lissafi tun kana jami'a

A ƙananan kwalejojin Amurka irin su Amherst, Williams da Swarthmore, inda tsarin karatu yake ba ɗalibi damar ɗaukar darasi daga kowane sashe, wannan mataki ba shi da wahala, domin mai karatun falsafa yana iya rajistar ƙididdiga a zango ɗaya ba tare da neman izinin kowa ba. Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola tana bin irin wannan tsari, haka ma Jami'ar Ashesi ta Ghana, wadda Patrick Awuah ya buɗe a 2002 bayan ya yi karatu a Swarthmore kuma ya yi MBA a Berkeley. A yawancin sauran jami'o'inmu kuwa manhaja a tsuke take, darussan zaɓi kaɗan ne, saboda haka sai ɗalibi ya je wurin malamin da ke kula da ajinsu tun yana aji biyu, ya tambayi waɗanne darussa ne doka ta yarda ya ɗauko daga sashen tattalin arziki, ko na lissafi, ko na akanta, kuma a tabbatar masa cewa za su fito a takardar sakamakonsa.

Idan darasi ɗaya kawai za ka samu, ka ɗauki ƙididdiga, domin ita ce take ratsa kusan kowane darasi na MBA, tun daga nazarin kasuwa har zuwa auna haɗarin zuba jari. Bayanta sai tattalin arzikin da ya shafi farashi da halayyar mai saye da mai sayarwa, sai akanta ta matakin farko. Kalkulas, wani reshe na lissafi mai zurfi, yana da amfani, wasu makarantu ma suna son ganinsa, amma ba shi ne a gaba ba. Kada kuma ci-da-zuci ya sa ka kwaso darussa huɗu a zango ɗaya ka fita da ƙaramin maki a dukkansu, domin hakan ya tabbatar da shakkun da kake son kawarwa ke nan, kuma ya ja jimillar makinka ƙasa. Maki mai kyau a darasi ɗaya ko biyu ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Wanda jami'arsa ba ta ba shi wannan dama ba, ko wanda ya riga ya kammala, yana da mafita ta intanet. Makarantar kasuwanci ta Harvard tana da wani shiri mai suna CORe wanda ya ƙunshi darussa uku, wato nazarin alƙaluman kasuwanci, tattalin arziki don manajoji da kuma akanta, ana yin jarrabawa a ƙarshensa kuma ana ba da sakamako. Akwai kwas ɗin MBA Math, akwai darussan jami'o'i a shafukan Coursera da edX, sannan Khan Academy tana koyar da aljabara da ƙididdiga kyauta ga wanda yake buƙatar komawa tushe. Wajen zaɓi, ka fifita wanda ake yin jarrabawa a ba da maki a kan wanda ake ba da takardar halarta kawai, domin takardar halarta ba ta shaida komai sai cewa ka kalli bidiyo.

Abin da ake so ka fahimta a akanta ya fi haddar ƙa'idoji. Kowane kamfani yana fitar da rahoto iri uku: na kadarori da basussuka, na riba da asara, da na shige da ficen tsabar kuɗi, kuma wanda ya gane yadda suke haɗuwa ya ci rabin zangon farko. Ɗauki misalin ɗan kasuwar da ya saro atamfa ta naira miliyan 4 bisa alkawarin zai biya a ƙarshen wata, ya sayar da ita duka a kan miliyan 5, amma miliyan 3 daga ciki bashi ya bayar wanda ba za a biya shi ba sai bayan wata biyu. Rahoton riba da asara zai nuna ya ci ribar miliyan 1. Rahoton tsabar kuɗi kuwa zai nuna miliyan 2 kawai a hannunsa, alhali wanda ya ba shi kaya yana jiran miliyan 4 ranar talatin ga wata. Mutumin nan ya ci riba, kuma yana gab da jin kunya a kasuwa, duka a lokaci guda. Kamfanoni da yawa ta wannan hanya suke durƙushewa, kuma ɗalibin da zai iya bayyana dalilin da bakinsa, ba tare da duba littafi ba, ya kama hanya.

Haka nan batun darajar kuɗi da lokaci, wanda kusan duk darasin sarrafa kuɗi a kansa aka gina. Idan jarin da ka zuba zai iya kawo kashi 10 cikin ɗari a shekara, to alkawarin naira 1,100,000 baɗi daidai yake da naira 1,000,000 yau, kuma da irin wannan lissafi ake yanke shawarar ko a gina masana'anta ko a bari. A ƙididdiga kuma ka saba da tambayar abin da adadi yake ɓoyewa. Idan ma'aikata tara suna karɓar naira 100,000 kowannensu, shugabansu kuma yana karɓar 1,900,000, matsakaicin albashi zai fito 280,000, adadin da babu ko mutum ɗaya a wurin da yake karɓar kusa da shi. Duk waɗannan ka yi su da hannunka a Excel, ka koyi rubuta ƙa'idojin lissafi a cikinsa da tace bayanai da zana jadawali, domin a ajin MBA ana ɗauka kowa ya iya.

Jarrabawar shiga

Jarrabawa biyu ce akasarin makarantu suke karɓa, GMAT da GRE, kuma sakamakon kowacce yana aiki har shekara biyar. Wannan wa'adi shi ne dalilin da ya sa nake ba da shawarar a rubuta a shekarar ƙarshe ta jami'a ko a lokacin hidimar ƙasa, tun ƙwaƙwalwa ba ta manta zaman karatu ba, kuma tun aiki da iyali ba su cinye lokaci ba.

An sauya fasalin GMAT a ƙarshen 2023, aka daina tsohon tsarin a farkon 2024, saboda haka ka yi hattara da tsofaffin littattafan da ake sayarwa ko ake turawa a waya. Yanzu sashe uku ce, kowanne minti 45: lissafi mai tambaya 21, fahimtar rubutu da auna hujja mai tambaya 23, da nazarin bayanai mai tambaya 20. Maki yana kamawa daga 205 zuwa 805, kuma 645 a sabon tsari yana daidai da kimanin 700 a tsohon, abin da ya kamata ka sani kafin ka kwatanta kanka da alƙaluman shekarun baya. An cire rubutun insha'i, an cire jometiri, ba a amfani da kalkuleta sai a sashen nazarin bayanai, kuma kwamfuta tana ƙara wa tambayoyi wuya ko sauƙi gwargwadon yadda kake amsawa. Lissafin kansa bai wuce na sakandare ba, wato kaso, kashi cikin ɗari, aljabara da yiwuwar aukuwar abu, amma ana lulluɓe shi cikin tambayoyi masu tarko, kuma kusan minti biyu kake da shi ga kowace tambaya. GRE, wadda hukumar ETS take shiryawa, an taƙaita ta a 2023 zuwa ƙasa da awa biyu kaɗan, tana ba da maki 130 zuwa 170 a sashen harshe da na lissafi, tana da insha'i ɗaya, kuma akwai kalkuleta a allon kwamfuta. Ɗaliban adabi da yawa sun fi samun natsuwa da ita saboda tana ba yawan kalmomin Ingilishi muhimmanci, sannan tana aiki wajen neman wasu digirorin na biyu idan mutum ya sauya shawara. Hanyar zaɓi ita ce ka yi gwajin kyauta na kowacce daga shafin masu shirya ta, ka zauna da agogo kamar ranar gaske, sannan ka bi wadda ka fi kusa da makin da kake nema.

A sashen auna hujja ne karatunka na shekara huɗu zai yi maka rana. Za a ce maka wani kamfani ya ninka kuɗin talla a watan da ya gabaci sallah, cinikinsa ya ƙaru, don haka talla ce ta kawo cinikin, sai a tambaye ka wane bayani ne zai raunana wannan magana. Wanda ya saba tambayar majiyar tarihi wane ne ya rubuta ta, yaushe, kuma me ya faru a lokacin, nan take zai ga cewa ciniki yakan ƙaru gab da sallah ko an yi talla ko ba a yi ba. Amma kada ƙarfinka a wannan sashe ya yaudare ka, domin kwamiti zai duba makin kowane sashe daban, kuma a wurinka makin lissafi ne idonsu zai fara sauka a kai. Ka ware wata uku zuwa shida, ka ba lissafi kaso mafi girma, kuma ka buɗe littafi guda na kurakurai, inda za ka rubuta kowace tambayar da ka faɗi da dalilin faɗuwar, ko rashin sanin ƙa'ida ne, ko gaggawa, ko rashin karanta tambaya har ƙarshe. Bayan makonni kaɗan littafin zai nuna maka cewa kurakuran naka iri biyu ne ko uku suke ta maimaituwa. Ana iya sake rubuta GMAT bayan kwana 16, kuma ana yin ta a cibiya ko a gida ta intanet, sai dai wanda ba shi da tabbacin wutar lantarki da intanet na awa uku a jere gara ya nufi cibiya.

Aikin da za ka nuna

Manyan makarantun MBA ba sa ɗaukar ɗalibi kai tsaye daga digirin farko sai nadiran. Yawancin waɗanda suke shiga sun yi aiki na kimanin shekara biyar. Dalilin a fili yake, domin rabin ilimin ajin daga bakin ɗalibai yake fitowa, kuma wanda bai taɓa riƙe kasafin kuɗi ko sasanta ma'aikata biyu ba, ba shi da abin da zai kawo. Ba dole ba ne aikin ya zama na banki. Koyarwa, aikin jarida, ƙungiyoyin agaji, aikin gwamnati, ko kasuwancin gida duk ana karɓa, matuƙar za a ga cewa nauyin da ke kanka yana ƙaruwa kuma akwai abin da ya sauya saboda kai. Abin da zan ƙara wa ɗalibin adabi shi ne ya nemi ɓangaren aikin da ke da alƙaluma da gangan. Idan a ƙungiyar agaji kake, ka roƙi a sa ka cikin masu shirya kasafi da rahoton kuɗi ga masu ba da tallafi. Idan a shagon mahaifinka kake, ka karɓi littafin bashi da na kaya ka mayar da su kwamfuta, ka fitar da lissafin wace haja ce take juyawa da sauri, wacce kuma take kwantar da jari.

Tun a jami'a ake fara wannan. Ma'ajin ƙungiyar ɗaliban sashe da ya riƙe kuɗi da gaskiya ya kuma gabatar da rahoto a rubuce, ko editan mujallar ɗalibai da ya nemo masu talla har ta iya biyan kuɗin bugunta, ya fi wanda ya jera sunayen ƙungiyoyi goma da ya yi rajista da su abin faɗa. Ka riƙa rubuta abin da ka yi a lokacin da ka yi shi, da adadinsa, domin bayan shekara biyar ba za ka tuna ba. A takardar tarihin aiki, wadda shafi ɗaya ake so, jimlar da ta ce mutum ya taimaka wajen shirya taron sashe ba ta da nauyi. Wadda ta faɗi yawan mutanen da ya jagoranta, da kuɗin da aka tara, da abin da aka rage na kashewa idan an kwatanta da bara, ita ce take tsayar da ido.

Akwai wata hanya da ɗalibai da yawa ba su san da ita ba sai lokaci ya ƙure. Wasu makarantu suna ba ɗalibin shekarar ƙarshe gurbi tun yana jami'a, ya je ya yi aiki na wasu shekaru sannan ya zo ya fara. Na Harvard ana kiransa 2+2, Wharton tana da shirin Moelis, Stanford, Columbia, MIT, Chicago Booth da Kellogg duk suna da irinsa, Yale kuma tana da Silver Scholars wanda ake shiga kai tsaye bayan digirin farko. Galibi ana rufe karɓar takardu a watan Afrilu, kuma dama ce ta sau ɗaya, domin da zarar ka kammala ka kama aiki ka fita daga sahun. Wanda yake son gwadawa dole ya gama da jarrabawar shiga kafin wannan lokaci. Ga wanda kuma yake son digiri na biyu a kasuwanci ba tare da jiran shekarun aiki ba, makarantun Turai irin su HEC Paris, ESSEC, ESCP da London Business School suna da digiri na biyu a fannin gudanarwa wanda aka tsara don sababbin masu digiri. Ɗaliban Nijar da sauran ƙasashe masu Faransanci su lura cewa makarantun Faransa da yawa suna karɓar jarrabawar TAGE MAGE, kuma akwai makarantar koyon gudanarwa ta CESAG a Dakar ga mai son zama kusa da gida.

Wasiƙun shaida guda biyu ake nema a mafi yawan wurare, kuma a nan mutanenmu suke yawan yin kuskure. An saba neman sa hannun babban mutum, ɗan majalisa ko basarake ko farfesan da bai taɓa ganin aikin ɗalibin ba, ana zaton girman suna zai buɗe hanya. Makarantun nan tambayoyi takamaimai suke aika wa mai shaida, daga ciki har da yadda mai nema yake idan an gwada shi da takwarorinsa, da kuma wane gyara mafi muhimmanci ya taɓa yi masa da yadda ya karɓi gyaran. Wanda bai yi aiki da kai kullum ba ba zai iya amsa wannan ba. Shugabanka na kai tsaye a wurin aiki, ko da ƙaramin manaja ne, shi ne ya dace, sai malamin da ya duba kundin bincikenka idan kana neman gurbi tun kana ɗalibi. Ka sanar da su wata biyu kafin wa'adi, ka tuna musu ayyukan da kuka yi tare, amma kada ka rubuta wasiƙar da kanka su sa hannu, domin hakan ya saɓa wa ƙa'ida kuma masu karantawa sukan gane salon hannu ɗaya.

Inda karatunka zai yi maka aiki

A Harvard da makarantun da suke bin salonta, ba lacca ake zama a saurara ba. Ana ba ɗalibai labarin wani kamfani na gaske a rubuce, shafi goma sha ko ashirin haɗe da jadawalin alƙaluma, wanda ya tsaya a daidai inda shugaban kamfanin zai yanke shawara. Washegari ɗalibai kimanin 90 suna zaune a aji mai siffar kofaton doki, kowa da sunansa a gabansa, sai malami ya kira mutum ɗaya ba tare da ya ɗaga hannu ba, ya ce masa me za ka yi da kai ne shugaban, kuma don me. Daga nan sauran su yi ta warware maganarsa ko ƙarfafa ta har tsawon minti 80. Ɗalibi yakan karanta irin wannan labari kusan 500 cikin shekara biyu, kuma a darussa da yawa rabin maki daga magana a aji yake fitowa. Wanda ya shafe shekara huɗu yana karanta dogayen rubuce-rubuce, yana tsamo muhimmi daga tarkace, yana kare ra'ayinsa a gaban malami, ya zo da kayan aikin da injiniyoyi da akantoci da yawa sai a nan suke fara koyo. Don haka kada ka yi wasa da darussan da ake gabatar da takarda a baki, kuma ka shiga ƙungiyar muhawara idan akwai. Ka kuma saba da karanta shafukan kasuwanci na jaridu da rahoton shekara na kamfanonin da ke kasuwar hannun jari, waɗanda ake samu kyauta a shafukansu, har kalmomin fagen su zauna a bakinka.

Haka abin yake a insha'in neman gurbi. Stanford ta daɗe tana tambayar masu nema abin da ya fi muhimmanci a rayuwarsu da kuma dalili, sauran makarantu kuma suna tambayar inda mutum ya dosa bayan karatu da abin da ya sa yake buƙatar MBA yanzu. Kada ka ɓata sarari wajen ba da haƙuri a kan fannin da ka karanta. Ka nuna zaren da ya haɗa karatunka da aikinka da burinka, a ce wanda ya yi bincike a kan tarihin fataucin goro ko masaƙun Kano, ya yi aiki da ƙananan masana'antu, yanzu kuma yana son koyon yadda ake haɗa musu jari. Buri ya zama takamaimai, da sunan fage da irin muƙami, domin cewa kana son kawo ci gaba a ƙasarka magana ce da dubban mutane suke rubutawa. Akwai kuma wani abu da ya shafe mu musamman: tarbiyyarmu ta hana yabon kai, shi ya sa mukan ce mun yi ko an yi a inda ya kamata mutum ya ce na yi. Kunya ɗabi'a ce mai kyau, amma a takardar nema da ranar ganawa ana son sanin ainihin abin da hannunka ya yi a cikin aikin tawaga, kuma faɗin gaskiyar wannan ba fahariya ba ce.

Kuɗi, wa'adi da takardu

Karatun yana da tsada ƙwarai. A manyan makarantun Amurka kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala 70,000 a shekara, kuma idan aka haɗa da masauki da abinci da inshora, shekara biyun sukan wuce dala 200,000. Shirye-shiryen Turai sun fi gajarta, na INSEAD wata goma ne, na Oxford da Cambridge shekara ɗaya, abin da yake rage kuɗi da kuma lokacin da mutum zai zauna babu albashi. Makarantu da kansu su ne babbar majiyar tallafi, wasu bisa buƙata wasu bisa cancanta, kuma makin jarrabawa mai kyau yana tasiri a na biyun. Akwai Knight-Hennessy a Stanford, da Skoll a Oxford ga masu kasuwancin da ke warware matsalar al'umma, da tallafin Forté ga mata, da Chevening na gwamnatin Birtaniya wanda yake buƙatar aikin shekara biyu kuma yake da iyakar abin da yake biya na kuɗin MBA. Kamfanoni irin su Prodigy Finance da MPOWER suna ba ɗaliban ƙetare rance, amma rance ne mai kuɗin ruwa kuma da dala ake biya, don haka wanda addininsa ya hana shi, ko wanda zai dawo ya karɓi albashi da naira, ya yi wannan lissafi tun kafin ya cike fom. Galibin makarantu suna karɓar takardu a zagaye uku, na farko wajen Satumba, na biyu a Janairu, na uku wajen Maris ko Afrilu, kuma ɗalibin ƙetare mai neman tallafi da biza ya nemi na farko ko na biyu.

Ba kowa ne sai ya ƙetare teku ba. Akwai Lagos Business School da aka kafa a 1991, akwai makarantar kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, sannan a Afirka ta Kudu akwai ta Jami'ar Cape Town da GIBS ta Jami'ar Pretoria. Wajen auna kowace makaranta, ka duba ko tana da amincewar hukumomin tantancewa irin su AACSB, EQUIS ko AMBA, ka kuma bincika inda ɗalibanta suke samun aiki bayan sun gama. A yawancin jami'o'in Nijeriya, wanda digirinsa na farko ba na kasuwanci ko makamancinsa ba ne sai ya fara yin babbar difloma a fannin gudanarwa, ta kimanin shekara ɗaya, kafin a ba shi gurbin MBA, kuma ana neman takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa. Ana kuma komawa ga sakamakon sakandare a nemi kiredit biyar har da Ingilishi da lissafi, sharaɗin da yake kayar da ɗaliban adabi da dama waɗanda suka shiga jami'a ba tare da kiredit a lissafi ba. Idan kana cikinsu, ka yi rajistar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu ka gyara tun yanzu.

Takardar sakamakon karatu ta jami'a ita ma ka nemi ta da wuri, domin fitar da ita yakan ɗauki watanni a wasu wurare, kuma wasu makarantun ƙetare suna son a bi da ita ta hannun hukumar tantance takardu irin WES kafin su karɓa. Ka duba cewa sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a fasfo da takardar digiri da rajistar jarrabawa, domin bambancin harafi ɗaya tsakanin Muhammad da Mohammed yana iya hana ka shiga ɗakin jarrabawa. Batun jarrabawar gwajin Ingilishi ta TOEFL ko IELTS kuma ka tambayi kowace makaranta daban, tun da da yawa suna yafe wa wanda ya yi digirinsa da Ingilishi, wasu kuma ba sa yafewa; idan ta kama sai ka rubuta, ka bar ta zuwa kusa da lokacin nema, domin sakamakonta shekara biyu kawai yake aiki.